Baƙin da Teku ta Kawo

Kadavu

Ɗana Ilisoni,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Da fatan kana lafiya a birnin Suva. Muna lafiya a nan tsibirin Kadavu, guguwar da aka yi ba ta taɓa gidanmu ba.

Amma ta kawo mana baƙi. Ranar Asabar babanka ya hango wani fasasshen jirgin kamun kifi a kan duwatsun bakin teku, da mutum huɗu a ciki, 'yan Indunusiya, sun rame sai ƙashi. Ya kwaso su gida. Ɗakin da muka gina maka da amaryarka Salanieta suke kwana ciki. Ka zauna kafin ka karanta sauran: aladen bikinka ya yanka musu. Sai da aka fito da nama daga ramin gashi, babbansu Sudirman ya dafa ƙirji yana ba da haƙuri, ashe Musulmi ne. Suka ci gwaza da kifi, mutanen gari suka cinye aladenka. Har yau ana yi wa babanka dariya.

Innarka, Mereoni

Suva

Zuwa ga mahaifiyata,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na karanta, ban ga abin dariya ba. Biki saura wata guda. Da wane ido zan kalli dangin Salanieta, ango ba alade ba ɗaki? Mutanen nan ba mu san asalinsu ba. Ina roƙo a miƙa su ga hukuma da gaggawa. A gaida Baba.

Ɗanki mai biyayya, Ilisoni

Kadavu

Ilisoni, sarkin fushi,

Ina gaishe ka. Hukuma ta sani, jirgin da zai ɗauke su sai bayan biki. Na karanta wa babanka wasiƙarka, ya ce, "Gaya masa Allahn da ya yi shi, shi ya yi su. In Yesu ya ƙwanƙwasa ƙofa da siffar baƙo, cewa zan yi ɗakin na amarya ne?"

Da kana nan ranar Lahadi! Fasto ya samo lambar wayar gidan Sudirman, ya ba shi waya a ƙofar coci. Ashe matarsa har ta karɓi gaisuwar mutuwarsa. Muna jin ihunta daga inda muke tsaye. Shi kuka, mu kuka, daga nan 'yan mawaƙa suka ɓarke da waƙa, ni da wannan gwiwar tawa har da rawa.

Surukarka kuwa da kanta ta hayo kwalekwale ta zo ganinsu. Ta ce kada a sake neman wani alade, ba ta son a yi bikin 'yarta wasu suna zaune gefe da kwano daban. Kifi za a ci, su huɗun kullum suna teku da babanka. Ɗaki kuma sun ce za su koma ɗakin taron coci kafin ku iso. Suna ta yi wa ɗakin naku fenti, shuɗi, ban hana su ba.

Allah ya sanyaya zuciyarka.

Innarka

Suva

Inna,

Na gaishe ki. Ki ba Baba haƙuri, na yi magana da garaje. Salanieta ta karanta wasiƙarki ta ce ita ma shuɗin take so.

Ki auno mini kafaɗun baƙin nan huɗu kafin Juma'a, tela yana jira. Ankon dangin ango za su sa.

Ɗanki, Ilisoni