Dutsen Niƙan Amak

Den Haag

Zuwa ga ƙanena Darwis,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk mutanen garinmu Bukittinggi. Na sauka Turai lafiya. Ruwan garin nan ba ya zuba, ba ya ɗaukewa, sai yayyafi kamar tsohuwa mai mita. Ina gidan Yusnidar, wadda muka yi makaranta tare. Ta yi ƙiba har ban gane ta ba sai da ta yi dariya. Ta zaga da ni gidajen tsofaffin ƙawaye. Mun yi kukan waɗanda suka rasu, mun ci naman waɗanda suka rage.

Na san za ka ce, “Uni yayata, bar maganar nan, kin tsufa.” To na tsufa, amma idona yana nan. Jiya muka bi ta gidan abincin Nurbaiti, ’yar garinmu. Darwis, dutsen niƙan Amak mahaifiyarmu yana zaune a tagar gilashi, an kunna masa fitila, an rubuta a ƙasa da yaren mutanen nan wai “dutsen kakata”. Kakarta! Yusnidar ce ta karanta min, sai da ta riƙe min hannu. Har ɓallin da ka yi masa da guduma kana yaro yana nan.

Ka tuna aro ta yi don niƙan barkonon bikinta, ta bi miji Turai da shi a akwati. Amak ta rasu tana cigiyarsa. A al’adarmu dutse daga hannun uwa yake zuwa hannun ’ya, kamar gida da gonar shinkafa. Ni me zan miƙa wa ’yata Elvi? Labarinsa?

Nurbaiti ta rungume ni, ta ce ranar Asabar za ta tara ’yan garinmu duka a yi min walima. Na ce Allah ya kai mu, kuma da gaske nake.

Ka gaishe min da kowa.

Yayarka,
Rosmaini

*

Uni Ros,

Ga sallama dai, don addini ya ce a yi. Ina fatan kina barci, ni ba na yi.

Tun asuba nake tsaye ranar Asabar. Na jera miki farantai har wani kan wani: rendang na naman sa, kan kifi, ƙwai da barkono, ganyen rogo. Ke ce babba a wurin, kin san ba mai miƙa hannu inda ba ki miƙa ba. Kika wanke hannu, kika yi bisimilla, kika ɗebi gayan shinkafa kika ci da ruwa! Na ce, “Uni, ga barkono.” Kika ce, “Na gani, Baiti. Injin da ya niƙa shi ya yi ƙoƙari.” Mutane duka suka bi ki suka ci gaya. Haji Bustami yana kallon rendang yana haɗiyar yawu kamar mai azumi. Aka mayar min da girkina kicin, ko cokali bai shiga ba.

Duk bai ishe ki ba. Kullum da azahar sai ki zo ki zauna kusa da taga, a jera miki abinci, ki ci shinkafa, ki biya kuɗin shinkafa kawai, tunda a gidan abincinmu abin da aka sa wa hannu ake biya, ki tashi. ’Yan garinmu sun ɗauke ƙafa, sai Turawa. Ko ’yan sanda na kira, me zan ce kin yi?

Ke kina gida cikin dangi. Ni da na zo garin nan, ba mai jin yarena sai mijina, shi ma yana wurin aiki. In sanyi ya rufe ni a ɗaki, dutsen nan nake murzawa don in ji ƙarar gida. Ki ji tsoron Allah.

Wassalam,
Nurbaiti

*

Ƙanwata Baiti,

Wa alaikumus salam. Barci alhamdu lillahi, har da minshari, in ji Yusnidar.

Na karanta maganar sanyi, kuma ta taɓa ni. Da na tarar da dutsen nan a kicin, ja da barkono, yana warin albasa, wataƙila da na yi shiru na koma gida. Amak ma da ta ce a bar shi, yana aiki. Amma kin wanke shi tas, kin kulle shi a gilashi kamar gawar wani sarki, kin sauya masa uwa, kin koma niƙa da lantarki. Yaushe rabon da ya ga gishiri?

Ban zage ki ba, ban ɗaga murya ba. Tsohuwa ce ni mai son shinkafa. Kujerar nan ta kusa da taga ta yi min daidai, kuma gwiwata ba ta gaggawar hawa jirgi.

Sai gobe da azahar, in Allah ya yarda.

Yayarki,
Rosmaini

*

Uni Ros,

Salam. Ga dutsenki, a keken jikata na turo shi har ƙofar Yusnidar. Ɗansa kuwa, wanda ake murzawa da shi, yana aljihun rigata. In kina so, ki zo ki ci girkina a gaban mutanen da kika kora, har ki nemi ƙari.

Nurbaiti

*

Darwis,

Assalamu alaikum, ina gaishe ku duka. Kada ka je tarbata filin jirgi, na ɗaga tafiya.

Dutse yana ƙarƙashin gadona, ɗansa yana aljihun Nurbaiti, ba mai iya niƙa ko ƙwayar barkono a cikinmu. Ta ce sai na ci girkinta. Na aika mata zan ci, ranar da ta durƙusa ta niƙa da hannunta a gaban jama’a, ta faɗi sunan mai dutsen da ƙarfi. Ba ta ba da amsa ba tukuna, amma yau da na je na tarar an sa wa kujerata matashi.

Ka ce wa Elvi ta ƙara haƙuri. Shinkafar matar nan dai tana da daɗi, kada ka gaya wa kowa.

Yayarka,
Rosmaini