Injin da Mai Fenti Ya Goge

Zuwa ga Auta,

Bayan sallama da gaisuwa, da fatan kina lafiya ke da yaran. Ban ce da mijinki ba, kuma ba mantuwa na yi ba.

Kin san waya ba ta da amfani a wurina tun da ƙarar injina ta cinye mini kunne, sai ki yi haƙuri da rubutun nan, ke kika koya mini shi da girmana. Na san mijin naki ya riga ni kawo miki labari da jini a riga. To ga nawa.

Kin tuna injin ƙaramin jirgin saman wasan nan da maigidana ya bar mini kafin ya rasu, wanda uwarki ta sha rantsuwa za ta jefa a rijiya? Shekara da shekaru yana daskare, man zurma ya bushe a cikinsa ya zama ƙaro. Na jiƙa shi, na gasa shi a hankali, ina ɗiga mai ina lallaɓa farfela har ya saki. Irin wannan injin ba shi da zobe a fistin. Fistin ɗin ne da kansa yake matse silinda in ya kai sama, har ka ji ya ɗan cije. Wannan cizon shi ne ransa. In babu shi, ko ka kunna filogi ya yi jawur, ba abin da zai tashi.

Na fita neman batir, na bar mijinki a shago ya zo gaishe ni. Na dawo na tarar ya kwance kan injin, ya zaro fistin, yana goga masa samfefa yana fito. Wai, "Baba, na ji yana cijewa ne, ga shi yanzu sumul." Sumul! Ƙofar motar mutane ce, irin wadda ya saba gogewa ya fesa mata fenti? Na mayar da fistin, na juya farfela, iska kawai, kamar ana juya cokali a kofin da ba komai.

Sandar da nake buga farfela da ita tana kan tebur. Na ɗora masa a baki. Ya faɗa kan kujera, ya miƙe zai yi magana, na ƙara masa. Na ji wani abu ya karye, ban tsaya duba ko sandar ce ko shi ba.

'Yan filin da muke tashin jirage, masu jiragen batir marasa murya, Tsoho Mai Hayaƙi suke ce mini. Na yi rantsuwa a gabansu sai sun ji kukan injin nan a sama. Mijinki ya mai da ni maƙaryaci.

Ki shafa mini kan yaran. Ki huta lafiya.

Ubanki

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan ka tashi lafiya. Direban bas ya kawo mini takardarka.

Ba sandar ce ta karye ba, Baba. Muƙamuƙinsa ne. An ɗaure masa haƙora da waya, ba ya cin komai sai abu mai ruwa ta tsinken roba. Ba ya iya magana, rubutu yake yi mini a bayan kwalin magani. Abu na farko da ya rubuta shi ne kada kowa ya je wurin 'yan sanda.

Shi dai ya ga ka daɗe kana fama da abin, ya so ka dawo ka tarar ya gyaru. Aikinsa ke nan, duk abin da ya ji yana kartar hannu sai ya goge. Ya yi kuskure, na yarda. Amma haka ka wurga wa Yaya sifana saboda ya taka fikafikin jirgi, yau ko lambarsa ba mu da ita. Ni kaɗai na rage maka.

Ka zo gidan nan ka ce masa ya yi haƙuri. Kalmar ke nan, ba na neman ƙari. In ba ka zo ba, ƙafata ba za ta sake taka gidanka ba, haka ta yaran. Kuma ka riƙa rufe shago da wuri. Wan mijina direban tifa da ƙanensa mahauci sun zo asibiti sun gan shi, fuskokinsu ba su yi mini ba.

Allah ya ƙara maka lafiya.

'Yarka

*

Auta,

Ina gaishe ki. In kin ga rubutun ya ƙara karkacewa, kwance nake yin sa.

Baƙinki sun zo da rana tsaka. Na ɗaure wani injin a kan tebur ina gwada shi, yana ta kuka, ina bayansa ina murza allurar daidaita mai. Ban ji shigowarsu ba, sai ji na yi an shaƙe ni ta baya an maka ni da bango. Mahaucin ya fizgo jiragen da ke rataye yana karyawa a gwiwarsa ɗaya bayan ɗaya. Har jan nan da na ɗora ki a wuya kika ga tashinsa. Na rarumi kwalbar mai na fasa masa a goshi. Ya kayar da ni, ya sa takalmi ya taka mini hannun hagu yana murzawa, yana cewa, "Da wannan ka doke shi, tsohon banza?" Na ce da ɗayan ne, jaki.

Shi kuwa na tifa ya ce bari ya farfasa abin da ke ihu a kan tebur. Ta gaba ya kai hannu. Wanda bai san injin nan ba ba ya ganin farfela in tana gudu, sai ya ɗauka fili ne. Na ji kukan injin ya canza, sannan na ji nasa. Jini har rufin kwano. Yatsa guda na tsinta a ƙarƙashin tebur bayan sun fita, na naɗe a leda na ba mai shayin maƙwabta ya bi su da shi. Kada a ce ban da kirki.

Haƙarƙarina ya tsage, hannu yana cikin filasta. Injin maigidana yana aljihun wandona, ba su gan shi ba. Mai feƙe ƙarfe yana yanka mini sabon fistin, ni zan wasa shi da hannuna har ya cije.

Yanzu ai an yi kunnen doki. Sun zubar da jinina, na zubar da nasu. Haƙurin me kuma zan bayar? Ki kawo mini yaran.

Ubanki

*

Baba,

Ina gaisuwa, ya jikin? Na aiko da magani da riguna wankakku a hannun direba.

Ba shi ya aike su ba. Da ya ji labari ya tashi da wayar a bakinsa ya je gidan wansa, ya rubuta masa abin da ba zan maimaita ba, yanzu ba sa ga maciji. Ya rasa 'yan'uwansa saboda kai. Jiya ya rubuta mini, "Injin Baba zai gyaru?" Na tashi na shiga ɗaki.

Ba a yi kunnen doki ba. Tsakaninka da su daban, tsakaninka da shi daban. Ƙaramar 'yarmu kullum sai ta tambaya ina Kaka, in ce ba shi da lafiya. Na gaji da faɗar haka. Maganata tana nan yadda take.

'Yarka

*

Auta,

Gaisuwa. Injin ya tashi. Na danne shi da gwiwa na buga da hannu ɗaya, ya yi tari, ya kama. Ban kai shi fili ba.

Na zo unguwarku shekaranjiya. Na tsaya a bakin ƙofa, na hango shi ta taga yana zuƙar abu a kofi, ya rame, ƙaramar tana goge masa haɓa. Na buɗe baki na gwada kalmar ni kaɗai, ta ƙi fita. Na juya.

Ba zan iya faɗa ba, kada in yi miki ƙarya. Amma ga abin da zan iya. In an cire masa wayar, ya zo shago. Zan zauna a kujerar da ya faɗa a kai, in sa hannuwana a baya, ya zaɓi abin da ya ga dama a cikin kayan aiki, ya sauke mini a daidai inda na sauke masa. Ba zan kauce ba, ba zan rama ba.

Ki tambaye shi ko wannan ya isa. In ya isa, ki zo da yaran, amma ki bar su a waje sai an gama.

Ki gaishe shi.

Ubanki