Na Kai Mahaifina Asibiti Da Sunan Amininsa

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk wanda idonsa zai kai kan rubutun nan. Don girman Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, domin duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi. A sakaya sunana. Sunayen da zan ambata ma ba na gaskiya ba ne.

Ni haifaffen Jidda ne, a unguwar Sa'alaba aka yanke mini cibi. Faci nake yi a wani shagon tayoyi, ina da mata da 'ya'ya. Mahaifina, wanda zan kira Idrisa, mutumin Damagaram ne. Ya zo aikin hajji yana saurayi, bai koma ba. Ya samu gadin wani bene a unguwar Ruwais, ya yi ta yi har gemunsa ya yi fari fat. Shi ne sharar matakala, shi ne ɗaukar tukunyar gas zuwa hawa na sama, yaran da ya riƙa rakawa makaranta har sun zama masu iyali. Kullum na ce masa, Baba, a rubuta wani abu tsakaninka da mai gidan nan saboda gaba, sai ya harare ni ya ce, "Mutumin da muke sa hannu a faranti ɗaya zan ce ya rubuta mini takarda?" To, kafilin, wato mai gidan da ke ɗauke da nauyin zamansa a ƙasar, ya rasu. Magada suka sayar da benen, suka sallami Baba da tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki da kwalin dabino. Ba haƙƙin ƙarshen aiki, ba fansho, don baƙo ba shi da fansho a nan ko da a bakin ƙofarsu ya tsufa. Iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu, ba mai sabuntawa. Na yi ƙoƙarin mayar da shi ƙarƙashina, aka ce irin aikina bai kai in ɗauki nauyin uba ba. Wanda ba shi da iƙama kuwa ba shi da ta'amin, wato inshorar lafiya. Har yau in na bi ta gaban benen nan raina ɓaci yake yi.

Ana haka ciwon suga ya kama shi. Wani ɗan ƙurji ya fito masa a yatsan ƙafar hagu, muka yi ta fama da zuma da habbatus sauda da man shafawa na kemis, abin sai ci yake yi. Na kai shi wani ƙaramin asibitin kuɗi, likita ya duba ya ce wannan ya wuce wanki, sai an kwantar da shi a babban asibiti. Da suka faɗa mini abin da za a kashe na san ba ni da ko rabinsa.

A nan ne Shaiɗan ya tuna mini da Baffa Ilu. Baffa Ilu aminin Baba ne tun ƙuruciya, garinsu ɗaya, tsagen kumatunsu iri ɗaya. Shi gadi yake yi a sito na wani kamfani, kuma kamfanin na biya masa ta'amin. Iyalinsa suna gida Nijar, yana zaune a ɗakin haya da wasu samari a Waziriyya, kuma tun da aka taɓa sace masa jaka da takardunsa, duk katin da aka ba shi sai ya kawo mini tare da kwafin iƙamarsa. Ya ce, "Riƙe mini, ɗana, kai ne idona a garin nan." Ban tambaye shi ba. Me ya sa ban tambaye shi ba? Don na san zai iya cewa to, kuma na san Baba zai ce a'a. Sai na zaɓi hanyar da ba wanda zai ce komai: na ɗauki katin ta'aminsa da kwafin, na kai Baba babban asibiti da sunansa.

Ma'aikacin da ke karɓar marasa lafiya ya dubi kwafin nan da hotonsa ya yi baƙi kamar gindin tukunya, ya ɗago ya dubi Baba, ya buga tambari. A wurinsu duk tsohon takari, wato baƙo irinmu, mai tsage fuskarsa ɗaya ce. A ranar na gode wa Allah da wannan rainin, ku ji fa.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne Baba da kansa. Da nas ta shigo ta ce, "Iliyasu?" sai ya waiwaya yana neman amininsa a ɗakin. Ta sake faɗa tana dubansa. Ya ce mata da Larabcinsa na masu gadi, "Ismi Idrisa, ya binti," wato sunana Idrisa, 'yata. Likita ya ɗago kai daga takardar ya dube ni. Wallahi ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Kharfan, ya dakta. Tsufa ya taɓa masa kai, wani lokaci sunan ƙaninsa yake faɗa." Likitan ya gyaɗa kai cikin tausayi ya rubuta. Baba yana jin Larabci sarai. Mutumin da ya san sunan kowane yaro a benen da ya tsare, na ce ya zautu, a gabansa, da bakina.

Ni ɗan fari ne, kuma Baba bai taɓa kiran sunana ba tun da aka haife ni, saboda kunya irin tasu ta mutanen da. "Kai wannan" yake ce mini. Ranar, bayan sun fita, ya kira sunana na yanka cikakke, a hankali. Ya ce, "Me ka yi?" Na durƙusa a gefen gado na faɗa masa, na ce Baba ka yi haƙuri, in ka musa, ni za a kama, kuma ƙafar nan kashe ka za ta yi. Ya dubi silin. Sannan ya ce, "In na mutu a hannunsu, da wane suna za a yi mini salla?" Daga ranar duk wanda ya ce Iliyasu, sai Baba ya ɗaga hannu kawai. Nas-nas suka riƙa yi masa magana kamar yaro, suna shafa masa kai, ya haɗiye duka saboda ni.

An yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Kun san a nan ba a yar da gaɓar mutum, binnewa ake yi da takardar izini. Ni na ɗauke ta a naɗe cikin farin ƙyalle zuwa maƙabarta, kuma sunan Baffa Ilu ne a takardar. Shi Baffan na hana shi zuwa asibiti, na ce ba a barin masu dubiya. Da muka dawo gida ya zo da lemo, ya tambayi yadda aka yi da kuɗi, na ce wani attajiri ne ya biya fi sabilillahi, bai so a faɗi sunansa. Baffa ya ɗaga hannu ya yi ta kwarara wa attajirin addu'a yana hawaye, ni ina amin. Baba ya juya fuskarsa bango.

Bai tona mini asiri ba har ya koma ga Allah bayan azumin bara. Sau ɗaya kawai ya sake tayar da maganar, ina yi masa alwala. Ya ce, "Ka gaya wa Ilu. Haƙƙinsa ne." Na ce to, Baba. Na yi ta cewa sai ya ɗan warware, sai bayan salla, har aka yi sadakar arba'in ban faɗa ba. Yanzu da rana tsaka ina cikin cire taya sai in ji kamar ƙarar sandarsa a bayana, in juya ba kowa. A masallaci in an kira wani Iliyasu sai in sunkuyar da kai. Matata tana cewa na rame, ta zaci rashin Baba ne kawai.

Ga abin da ya sa na rubuto. Baffa Ilu ma sugan ya kama shi, kuma ƙurji ya fito masa a ƙafa. Ƙafar hagu, jama'a. Ya ce in kawo katinsa in raka shi, kuma asibitin da kamfaninsu ke turawa shi ne wanda aka yi wa Baba aiki. Na tambayi wani da ya san harkar, ban ce ni ba ne, ya ce komai yana cikin kwamfuta da lambar iƙama. Suna buɗewa za su ga an rubuta Iliyasu ba shi da ƙafar hagu, kuma kansa ya taɓu, alhali ga mutum a tsaye da ƙafa biyu da hankalinsa. Wa zai yarda bai sani ba? Za a ce shi ya ba da aron katin, a kore shi daga aiki, wataƙila a tasa ƙeyarsa gida da tsufansa da ciwonsa. In na fito na ce ni ne, ɗauri ne sannan tarhil, a kai ni Nijar da ban taɓa takawa ba, in bar yara a nan da wa?

Don haka nake ta ja masa rai. Na ce katin ya ƙare sai an sabunta. Na ce ban ga inda na ajiye ba. Ina sayo masa man shafawa da bandeji, ina zuwa Waziriyya in wanke masa ciwon da hannuna, samarin ɗakinsu suna cewa ko ɗan cikinsa sai haka. Har ya taɓa ce mini, "Ɗana, in katin ya gagara, ba ka nemo mana attajirin nan da ya taimaki Idrisa ba?" Na fita waje na jingina da bango na yi kuka.

Jiya bayan Juma'a na kwance bandejin, na ga baƙin ya tsallaka zuwa yatsa na biyu. Shi ma ya gani. Bai yi mini faɗa ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Halas, shi ke nan, kar ka ƙara wahalar da kanka, kai ma kana da aiki. Ranar Litinin yaran nan za su kai ni da iƙamata, in katin bai fito ba su duba a na'urarsu."

Na san yadda ciwon nan yake gudu, kuma na san duk ranar da na ƙara masa da ƙarya naman ƙafarsa nake ci. In je in durƙusa masa kafin Litinin in faɗa masa abin da na yi da amanarsa? In riga shi zuwa asibitin in miƙa kaina? Ina tsoro, kuma ina jin kunyar tsoron nan. Don Allah ku faɗa mini, me zan yi?