Tagar da Aka Toshe Mini

Zuwa ga Autana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka da 'yan jikokina. Mu ma lafiya, sai tarin nan nawa da yake zuwa yana tafiya. Babanka yana gaishe ka.

Na ga kiranka a waya, da gangan na ƙi ɗauka. Na san halinka, za ka cika ni da daɗin baki har in manta abin da ke raina. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Da ka ce za ka gyara mini kicin saboda likita ya ce hayaƙin girki ne yake tayar mini da tari, na yi murna, na sa maka albarka. Kai ka ce in je shago in duba na'urar zuƙe hayaƙi. Na je. Mai shagon ya nuna mini siririya da ake maƙalawa ƙarƙashin kabad, da ta gilashi, da wata ƙatuwa mai dogon wuya kamar mazurari a kife. Na ce siririyar nake so, kuma da bakina na gaya maka.

Shekaranjiya na dawo daga kai Babanka asibiti, sai na tarar da ƙatuwar a kwalinta a tsakiyar falo, magini kuma ya toshe tagar da ke saman murhuna da bulo. Wai bangon nan ne kaɗai zai ɗauke ta. Na tambaye shi wa ya sa shi, ya ce kai ne, ya nuna mini hoto a wayarsa, wai irin ta gidanka ce. Ko ɗago kai bai yi ba, yana ta shafa siminti.

To don me ka aike ni shago? Tun ba a haife ka ba nake tsayawa a gaban murhun nan. Kai da ko ruwan zafi ka ɗora sai ka ƙona tukunya, kai ne za ka zaɓar mini daga nesa?

Ka gaishe da yara.

Mamanka.

*

Zuwa ga Autana,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali? Allah ya sa kowa lafiya.

Saƙonka ya iso ta bakin yayarka. Wai in yi haƙuri, ƙatuwar ta fi ƙarfin zuƙa, kuma za a sa mini fitila mai haske a madadin taga. Auta, ba haske nake nema ba.

Tun da ɓarin jikin Babanka ya shanye, kullum da hantsi nakan zaunar da shi a kujerarsa a baranda ya sha iska. Ta wannan taga nake ganinsa ina girki. Idan ya ɗaga hannunsa mai lafiya, na san ruwa yake so. Idan ya fara karkacewa, nakan fita in gyara masa matashi. Da ka tambaye ni sau ɗaya, da ka ji wannan.

Jiya an kunna na'urar taka. Ƙararta kamar injin niƙa. Ina yanka albasa, ban ji komai ba, ban ga komai ba. Maƙwabciyarmu ce ta shigo a guje ta ja ni waje. Babanka ya zame daga kujera, yana kwance a kan siminti, goshinsa ya fashe. Ta ce ya jima yana kirana da muryar nan tasa da ba ta fita.

An yi masa ɗinki, likita ya ce babu karaya. Da nake goge masa jini, abin da kawai ya ce shi ne: "Na ɗauka kin fita unguwa."

Kada ka kira ni yau. Ban huce ba, kuma ba na so in gaya maka maganar da zan yi nadamarta.

Mamanka.

*

Zuwa ga Autana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyalinka. Babanka yana samun sauƙi, kumburin ya sauka, jiya ma ya ci abinci da kansa.

Na kira maginin na ce ya fasa bulon da ya toshe tagar da shi. Ya fara cewa sai ya ji daga bakinka, na miƙa masa guduma na ce gidan nan da ni da mijina muka gina shi, idan ba zai fasa ba ya matsa in fasa da kaina. Ya fasa bulon. Kafinta ya mayar da tagar, mai walda ya sauke ƙatuwar. Na koma shago na ɗauko siririyar. An matsar da murhun gefe kaɗan, an maƙala ta ƙarƙashin kabad, an fitar da bututunta ta bangon baya. Tana zuƙar hayaƙi daidai gwargwado, ba ta hana ni jin motsin gida, tarin ma ya yi sauƙi.

Yayarka ta ce ka yi kuka da ka ji labarin faɗuwar. Na san da kyakkyawar niyya ka yi, ban taɓa shakka ba. Amma har yanzu idan na ga ɗinkin nan a goshin Babanka sai raina ya ɓaci.

Ƙatuwar tana ɗakinka a kan gado. Ba zan aiko maka da ita ba, kuma kada ka turo kowa. Ka zo da ƙafarka ka ɗauka, ka zauna da Babanka a baranda ko da kwana biyu ne. Yana tambayarka.

Allah ya yi maka albarka.

Mamanka.