Rabin Juyin Bawul na Layin Yaya

Litinin, 3 ga Maris
Majalisar ƙaramar hukuma ta zauna, ta ninka kuɗin ruwa sau uku. Injiniya ya karanta mana takardar a tsaye kamar mai sanar da rasuwa. Duk unguwar da rabin gidajenta ba su biya ba, a cire ta daga rabon ruwa. Wa zai cire ta? Ni mana. Su ɗaga hannu kawai suka yi a ɗaki mai sanyi. Ni ne mai yawo da makullin bawul, wato marufin bututun ruwa, a kafaɗa shekara ashirin da shida.

Laraba, 5 ga Maris
Sunayen unguwanni sun fito. Layin bayan kasuwa na ciki, layin Yaya. Abincin rana ya ƙi shiga.

Lahadi, 9 ga Maris
Na je gaishe ta. Maigidanta na nan kwance yadda yake tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Zanin gado uku take wankewa a rana, igiyar shanyarta ba ta hutawa. Ta ce, "Auta, wai da gaske za ku rufe mana?" Na yi furfura, amma a bakinta Auta nake. Na ce ta kwantar da hankalinta.

Ga abin da na dogara da shi. Bawul ɗin layinsu juyi goma sha takwas ne kafin ya rufe. Tsofaffin da suka koya mana aiki ba sa kai shi ƙarshe, sukan bar rabin juyi, wai ɗaure tsohon bawul tamau yana cinye masa haƙora. Gaskiya ne, amma da sauran magana. Wannan rabin yana barin siririn ruwa ya gangara har gidajen ƙasan layi. Sadakar bututu muke ce masa, kuma ba a taɓa rubuta shi a takarda ba.

Talata, 11 ga Maris
Na rufe, sha bakwai da rabi. Yaya ta ce ruwan yana zuwa kamar zare, amma kafin la'asar baho ya cika. Alhamdulillahi.

Alhamis, 20 ga Maris
Sun kafa mitar ruwa a bakin layin. Kansila ya zo da kansa da farin takalmi, yana tsallake taɓo yana yamutsa fuska. Mutumin da rijiyar burtsatse biyu ce a gidansa! Har ya tambaye ni mene ne amfanin wannan dogon ƙarfen da nake riƙe da shi.

Juma'a, 21 ga Maris
Injiniya ya kira ni ofis ya tura ƙofa. Ya kasa haɗa ido da ni. "Baba, allurar mitar tana motsi." Na ce tsufan bawul ne. Ya ce in bar wannan zance, ya san sadakar bututu, shi ma a ƙasan layi ya tashi, ruwanta ya sha. Amma yanzu duk mako ake kai wa majalisa abin da mita ta nuna. In ta sake motsi, takardar sallama ce, fansho kuwa sai dai in ji labarinsa a bakin wasu.

Saura wata goma sha huɗu in yi ritaya. Tsoro nake ji, ba wani abu ba.

Asabar, 22 ga Maris
Uwar yara ta ce, "Ka tausaya wa Yaya, mu kuma wa zai tausaya mana?" Na daka mata tsawa. Ba don ta yi ƙarya ba.

Litinin, 24 ga Maris
Sha takwas. Sai da na sa ƙirji kafin rabin nan ya tafi, shekaru bai taɓa zama a wurin ba. Mata na tsaye da jarkoki suna kallona, ba wadda ta zage ni. Da ma sun zage ni, da na fi samun sauƙi.

Alhamis, 27 ga Maris
Ta titin asibiti nake bi yanzu, ba ta layin Yaya ba. Ya fi nisa.

Lahadi, 6 ga Afrilu
Yau dai na je. Tun daga zaure na ji warin ɗakin. Zani ɗaya ne a igiya. Jarka biyu take iya saye a wurin mai kurar ruwa, ɗaya ta sha da girki, ɗaya ta mara lafiya. Duk da haka ta cika mini kofi har baki.

Ina cikin sha, sai ta ce, "Auta, ko rana ɗaya a mako?"

Na ji bakina yana cewa, "Yaya, ku ma fa da laifinku. Da 'yan layin nan sun haɗa kai sun biya, ai da ba a kai nan ba."

Ta dube ni. Ta ɗauki kofin, ta juye ragowar a bahon wanki, ta ce in gaida gida.

Na dawo na ci abinci har da ƙari, na yi barci lafiya lau har la'asar. Ina jin gajiya ce.