Gyaran Turancin Malam Ya Sa Ɗanmu Ya Yi Shiru

Anti, ki taimake ni da shawara. Babban ɗanmu ya daina rubuto wa mahaifinsa saƙo.

Maigidana malamin Turanci ne mai ritaya. Kunnensa ya yi nauyi, kiran waya ba ya yi masa amfani, sai rubutu. Yaron yana aiki nesa da gida, kuma tun yana ƙarami uban ya saba masa da rubutu da Turanci. Duk saƙon da ya shigo, sai Malam ya gyara zaman tabarau, ya mayar masa da shi da gyara. Abin da ya fi tsone masa ido shi ne bayanau, wato kalmomin nan masu nuna yaushe ko yaya aka yi abu. Wai wannan gaban aikatau take zama, waccan sai ƙarshen jimla. Ni da ba ruwana har na haddace.

Kwanan baya yaron ya rubuto cewa kullum yana tuna shi. Malam ya amsa cewa kalmar Turancin da ke nufin "kullum" ba a mazauninta take ba. Tun daga nan shiru. Ni yake turo wa saƙon murya, ya ce in gaida Baba. Malam kuwa yana kujerarsa bakin taga, ya duba waya, ya kife ta a cinya. Na yi masa magana, ya ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Yaron ya ce uba yake nema, ba mai duba jarrabawa ba. Hutun da ya ce zai zo mana ma har yanzu bai tabbatar ba.

Uwa a Tsakiya

'Yar'uwa, Malam ba don ƙi yake yi ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a aji, gyara ce hanyar da ya sani ta nuna kulawa, kuma ritaya da nauyin kunne sun rage masa masu saurarensa. Amma yaron ma yana da gaskiya. Ya miƙo zuciyarsa, an duba masa jimla.

Ki raba musu aikin kashi biyu. Rahotannin wurin aikinsa yaron ya riƙa turo wa uban, a can Malam ya yi gyaransa son ransa, zai ma amfane shi. Gaisuwa da hira kuwa a koma Hausa, ba gyara. Ki sami Malam ku kaɗai, ba da faɗa ba, ki tambaye shi me ya ji a ransa da ya karanta saƙon nan kafin ya ga kuskuren. Abin da ya faɗa miki, shi zai rubuta wa ɗansa, kuma shi ya kamata ya fara. Ke kuma ki daina kai gaisuwa tsakaninsu, don kina sauƙaƙa musu zaman shiru ne.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya daidaita tsakaninsa da ɗansa.