Wanda ke ɓata wa Madam ciki

Hajiya tsohuwa, amaryata,

Assalamu alaikum. Ina gajiyar Kano? Yaya ƙafar taki, yaya Inna Rabi da jaririnta? Mu nan Zongo lafiya lau.

Kyanwarki Madam tana nan da ranta, ki kwantar da hankali. Likitan dabbobi na unguwar Gbégamey ya ce hanjinta ya tsufa, sai dafaffen kifi, ba mai ba yaji, kaɗan-kaɗan. Haka nake ba ta, amma duk Juma'a sai ta yi amai. Da na duba, sai ga yajin tsire a ciki. Ashe mijinki, wanda likita ya hana nama, shi ke sayowa bayan masallaci yana ci a ɓoye, yana ba ta toshiyar baki.

Na ce, "Alhaji, ko ka daina, ko in rubuta Kano." Ya ce, "Ɗan nema, na daina." Juma'a uku ke nan ba amai, har ta fara ƙiba.

Ki gaida kowa. Ki sa mu a addu'a, musamman ni, don in kin kira shi, sanda zan sha.

Jikanki,
Sani